Na Kawu, Na Inna, da Allurar Nusaiba

Bukkuyum,
ƙarshen damina.

Zuwa ga ƙanwar mijina Nusaiba, a Anka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu ma nan ƙalau, sai abin da ba a rasa ba. Tun da aka yanke sabis ɗin waya kunnena ya huta da surutunki, amma wallahi hutun ya ishe ni. Makau direba zai kawo miki takardar nan, in kin ga maiƙo a jikinta daga motarsa ne.

Maganar yayanki ce, Malam Musbahu. Muryoyin nan da yake ji sun yi shiru, mun gode Allah. Ya daina magana da bango, ya daina cewa maƙwabta sun haɗa masa kai. Duk wanda ya shigo dubiya sai ya ce sauƙi ya samu. Amma ni da nake tare da shi na san ba sauƙi ba ne kawai. Mutum ya zauna kan tabarma tun hantsi har azahar, wuya a sandare, ko ƙuda ba ya kora. In ya tashi, tafiyarsa ƙanana-ƙanana, kamar wanda ya ɗauko kwano cike da ruwa. Hannu na rawa, koko rabi a baki rabi a riga. Miyau na zuba, ina bi ina gogewa kafin wani ya gani.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne harshensa. Ranar Juma'a Malam Ɗahiru, mai tafsirin masallacin unguwarmu, ya zo gaishe shi, ya ce ya ɗan ja masa aya ya ji. Nusaiba, yayanki da ake tsayawa a bakin hanya don a ji muryarsa, ya buɗe baki harshe ya ƙi juyawa. Malam ya dafa shi ya ce, "Ba komi, Musbahu, azumi da saura. In Allah ya kai mu Rajab mu sake ji. In ba ta samu ba, mu nemi wani shi riƙe maka jan baƙin bana."

Kin san abin da jan baƙin nan yake a wurinsa. Tun da ciwon ya same shi mutane suka kwashe 'ya'yansu daga zaurensa. Wuri ɗaya ya rage masa, gefen Malam a watan azumi, yana jan aya Malam na fassarawa. A nan ne kaɗai ba wanda ke nuna shi da baki. Da Malam ya fita, hawaye na gani a fuskar da ba ta motsi, ni ma na shiga madafa na yi nawa.

Kuma ba fashin magani muke yi ba. Ƙaramin fari na Kawu Gidaɗo safe da yamma, wanda yake aikowa daga Gummi tare da man shanu. Mai ruwan ɗorawa na Inna, da ta sa aka karɓo wurin mai kemis lokacin da barci ya ƙi. Ga allurarki, wadda kika sa aka rubuta masa, duk wata, ba ta taɓa wucewa ba.

Inna kuwa kin san ta da kunyar ɗan fari. Ba ta kallonsa, ba ta kiran sunansa. Sai ta tsaya bayan ƙofa ta ce mini, "Wancan ya ci abinci?" Amma na ga ta rame.

Ki gaida mutanen gida. Ki ba ni amsa da wuri, kada ki tsaya gyaran rubutu irin naku na malaman makaranta.

Taki,
Kulsum.

*

Anka.

Zuwa ga matar Yaya.

Wa alaikumus salam. Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, maiƙon kuma na miyarki ne, kada ki ɗora wa Makau.

Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune, raina ya ɓaci ƙwarai. Kulsum, ina jin tsoron dalma ce. Kin manta shekarun da Yaya ya yi yana koyar da yara a Abare, lokacin da ake daka dutsen zinariya a tsakar gidaje? Ƙurar nan ya shaƙa, a cikinta ya ci abinci. Mu nan Anka in muka ji rawar hannu da nauyin harshe, can tunaninmu yake fara zuwa. Magani dai ba a yi masa ƙwauro ba, Allah ya saka wa Kawu da Inna, don haka ba daga nan ba ne.

Ki shirya shi ku taho. Makau ya san lokacin da hanya take da dama, ku bi shawararsa. A nan ana iya gwada jini. Akwai kuma wata likitar ƙwaƙwalwa da ke zuwa daga Gusau lokaci-lokaci, sai mu nuna mata shi gaba ɗaya.

Kada ki tsaya jiran Inna ta ce ku tafi, kin san ba za ta furta ba. Ki ce mata za ku Anka, in ta yi shiru ta yarda ke nan. Kuma ki gaya wa Yaya in ji ni, Rajab da nisa, kada ya sallama wurinsa tun yanzu.

Ki gaida Inna, ki ce ta riƙa cin abinci.

Ƙanwarki ko kin ƙi ko kin so,
Nusaiba.

*

Anka.

Zuwa ga Kawu Gidaɗo, a Gummi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa, Kawu, ina fatan kana lafiya, da iyali da dabbobi. Allah ya ƙara girma da nisan kwana.

Na rubuto ne in sanar da kai halin da Yaya Musbahu yake ciki, don kai ne uba a wurinmu. Kulsum ta kawo shi Anka, an gwada jininsa, ba dalma ba ce kamar yadda na zata. Daga nan muka shiga wurin likitar ƙwaƙwalwa.

Tun daga ƙofa take kallon tafiyarsa. Ta kama gwiwar hannunsa ta lanƙwasa, ta miƙe, ta sake lanƙwasawa. Sai ta tambaye ni me yake sha. Na ce allura ce duk wata, na yi shiru. Kawu, ka san yadda muke, ba a shiga wurin likita a ce masa an je wurin wani kafin shi, sai ya ga kamar an raina shi. Haka na yi ranar da aka fara rubuta allurar, kuma Kulsum ta ce haka aka yi wurin mai kemis. Likitar ta juya wurin Yaya ta tambaye shi da kansa. Ya daɗe yana kokawa da harshe, sannan ya ce, "Da na Kawu. Da na Inna."

Ta ce, "Na Kawu kuma wane iri ne?" Kulsum ta buɗe langar da take ajiye su ta ɗora kan tebur. Matar nan ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta yi salati a hankali.

Ga abin da ta ce. Ciwon Yaya yana da suna a wurinsu, sikizofireniya, kuma ana zama lafiya da shi in an dace da magani. Naka da na Inna da allurar duk aiki ɗaya suke yi, su kwantar da muryoyin. Ta ce akan haɗa biyu wani lokaci, idan ɗaya ya gaza, amma likita ɗaya ke haɗawa yana sa ido. Mu kuwa mutum uku muka haɗa masa, kowa da kyakkyawar niyya, kowa bai gaya wa likitansa ba. Muryoyin sun kwanta, sai maganin ya wuce ya danne wuya da hannu da harshe.

Ta tambayi Yaya me ya sa bai taɓa cewa jikinsa ya yi nauyi ba. Ya ce, "Kawuna na ya aiko. Ƙaƙa zan ce ba ni sha?" 

Ta gargaɗe mu kada a tsayar da komai farat ɗaya, ciwon zai iya dawowa da ƙarfi. Za a fara janye na Inna a hankali, sannan naka, a bar allurar ita kaɗai, saboda ita ba a mantawa da ita kamar ƙwaya. Ta ce tana sa ran harshen zai saki, amma ba ta yi alkawarin yaushe ba. Malam Ɗahiru kuwa Rajab ya ce.

Don haka nake roƙonka, Kawu, da ladabi, a dakata da aiko maganin. Man shanun dai kada a dakata.

Ka huta lafiya. A gaida mutan gida baki ɗaya.

'Yarka,
Nusaiba.

*

Gummi.

Zuwa ga ɗiyata Nusaiba.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan alheri gare ki da mijinki. Mu nan muna cikin godiyar Allah.

Takardarki ta zo, na fahimci abin da ke cikinta. Zan tuna miki abin da wataƙila ya shige miki. Lokacin da ciwon nan ya tashi wa Musbahu, yana yaga tufafi yana gudu, akwai waɗanda sunka ce a kai shi a sa masa mari. Ni na ce ɗan ƙanwata ba ya shiga mari ina da rai. Na ɗauko shi na kawo Gummi, na zauna da shi cikin shanu, na kai shi asibiti da ƙafata. Wannan ƙaramin farin da kike cewa a janye, shi ya tashe shi. Da shi ya ja baƙi bara, kowa ya ji.

Yanzu allurar da ta zo daga baya ita za ta kori wanda ta tarar. Ban ga laifin likita ba, ba ta san mu ba. Ke kin san mu. Tun da nake ban taɓa jin an aika wa babba cewa ya riƙe hannunsa daga ɗansa ba.

Kuma ina tambayarki, in aka janye muryoyin sunka dawo, wa zai riƙe shi? Kulsum ita kaɗai, ko ke daga Anka? Ni na ga abin da idona, ba na son in sake gani. Gara mini shi zaune shiru da in gan shi yana gudu cikin daji a wannan zamani.

Abin da na saba aikawa zan aika. Allah ya yi miki albarka, ya ba shi lafiya.

Wassalam.
Kawunki, Gidaɗo.

*

Bukkuyum,
tsakiyar sanyi.

Zuwa ga Nusaiba.

Assalamu alaikum. Gaisuwa a gurguje, Makau na jira yana danna mini oda a ƙofar gida.

Na fara da mai daɗi. Tun da na Inna ya ƙare miyau ya tsaya. Da aka mai da na Kawu rabi, wuya ya fara juyawa. Rannan na ƙona tuwo, sai ji na yi yayanki ya ce, "Yau kuma gawayi muka ci?" Na tsaya da muciya a hannu ina dariya ina hawaye. Rabon da ya tsokane ni har na manta.

To, sai makon jiya abin ya juya. Barci ya ragu. Ya fara tsayawa jikin bangon madafa yana kasa kunne, ya ce yana jin raɗa ƙasa-ƙasa. Na ce shi ke nan, maganar Kawu ta tabbata.

Ana cikin haka sai ga Kawu da kansa, da ƙullinsa. Aka yi masa shimfiɗa a tsakar gida. Ya dubi yayanki, ya dube ni, ya ce, "Abin da nac ce ke nan." Ya kwance ƙulli, ya ɓallo ƙwaya cikakkiya, ya ce, "Amshi, Musbahu." Yayanki ya durƙusa ya miƙa hannu biyu. Ni surukuwa, me zan ce a gaban Kawu? Ina tsugune ina kallo, harshen da ya fara saki za a sake ɗaure shi.

Sai labulen Inna ya ɗaga. Nusaiba, tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin ta zo kusa da shi a gaban mutane ba. Ta tako har tabarma, ta kama hannunsa, ta ɗauke ƙwayar daga tafinsa. Ba ta saki hannun ba.

Ta ce, "Yaya Gidaɗo, kai ka tsamo shi, ba mu mance ba, Allah ma bai mance ba. Amma kai da kanka, ka taɓa bari mutum ukku su yi ma saniyakka allura, kowa bai san da wani ba?"

Kawu ya ce, "Yau ke ka yi min magana bisa ɗanki na hwari, gaban ɗiya?"

Ta ce, "Awo. Kunyag ga na riƙe ta shekara da shekaru, ina bayan ƙohwa ina kallo har harshenai ya mutu. Nawa maganin na cikin abin da ya kashe shi. Ka bari mu koma wurin wadda ta san awon abin."

Kawu ya miƙe, ya saɓa sandarsa, ko furar da na dama bai taɓa ba. Man shanun dai ya bari a bakin ƙofa.

Ba mu ƙara ba, ba mu rage ba, rabin da likita ta ce shi muke ba shi. Jibi muna tafe in hanya ta yi kyau. Ki share ɗaki babba, Inna ta ce da ita za a zo.

Taki,
Kulsum.

*

Anka.

Zuwa ga Kawu Gidaɗo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa da ban girma, Kawu. Sabis ya dawo, na kira wayarka ba a ɗaga ba, shi ya sa na koma takarda. Na san ranka a ɓace yake, kuma abin yana damuna.

Mun ga likita. Ba ta yi wasa da maganar raɗar ba, ta daɗe tana yi masa tambayoyi. Ta ce akan sami haka in ana janye magani, don haka za a tsaya a kan rabin nan a ƙara lokaci, ba gaggawa. In raɗar ta ƙaru mu dawo a ranar, kada mu jira. Yanzu dai barci ya fara dawowa.

Na gaya mata tsoronka, ban rage komai ba. Ta ce tsoron mai hankali ne, kuma maganinka mai kyau ne, danginsu ɗaya da allurar, aikin da ya fara ita take ci gaba da shi. Da na ba ta labarin marin da ka hana, ta ajiye biro ta ce tana son ta ga mutumin nan wata rana.

Akwai abin da ya kamata ka ji daga gare ni. Da muka shiga, likita ta dubi Inna ta ce, "Mama, ke ce wa a wurinsa?" Na buɗe baki zan amsa mata kamar kullum, sai Inna ta riga ni. Ta ce, "Ni na haihe shi." Yaya ya sunkuyar da kai yana murmushi, fuskar ta motsa har ido.

Ka yi haƙuri da mu, Kawu. Wurinka a wajen Yaya ba a cikin langar magani yake ba.

'Yarka,
Nusaiba.

*

Bukkuyum,
farkon azumi.

Zuwa ga Nusaiba.

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, ya ibada? Na san akwai waya, amma in na kira ki kuka zan yi, ke kuma ki samu abin yi mini dariya har Sallah.

Kin san a Rajab Malam Ɗahiru ya saurare shi, ya ce a ƙara masa zuwa Sha'aban. A Sha'aban, bayan na Kawu ya ƙare sai allura kaɗai, ya sake ji. Ya yanke cewa yayanki zai buɗe karatu kullum ya ja gwargwadon ƙarfinsa, in ya gaji wani ɗalibin Malam ya ƙarasa. Ba duka aka ba shi ba, kuma shi da kansa ya ce hakan ya fi.

Jiya bayan la'asar aka buɗe. Na goge masa farar rigar nan, ya sa hula da hannunsa, sai da ya gyara ta sau ba adadi. Mu mata muna bayan katangar masallaci a kan tabarmi, Inna na gefena. Da lasifika ta yi ƙara na ji kamar in tashi in gudu gida.

Ya yi a'uziyya, ya yi bisimilla. Muryar ba ta kai ta da ba, ta ɗan dushe, amma tasa ce. Ya shiga Baƙara yana tafiya a hankali. Can sai harshe ya sarƙe a wata kalma.  Na ji wani ya fara ɗora masa, sai muryar Malam ta fito a lasifika, "A bar shi." Aka bar shi. Ya ja numfashi, ya koma farkon ayar, ya wuce wurin lafiya lau. Ni dai ban san sanda na damƙe gyalen Inna ba.

Wata baƙuwa da ke kusa da mu ta ce, "Wane na ka ja, muryatai da daɗi?" Inna ta gyara zama ta ce, "Musbahu na." Da ƙarfi ta faɗa, har matan gaba suka waiwayo.

Ba a ce ciwo ya tafi ba. Hannun hagu yana ɗan rawa in ya gaji, kuma likita ta ce allura ba ranar dainawa tukuna. Langar nan kuwa na wanke ta, dabino nake zubawa a ciki.

Kawu har yau shiru. Yayanki kuwa duk motar Gummi da ta tsaya sai ya leƙa.

Ki gaida yara. A sha ruwa lafiya.

Taki,
Kulsum.

*

Gummi.

Zuwa ga ɗiyata Nusaiba.

Bayan sallama, barkanmu da azumi. Takardarki ta daɗe da zuwa, na karanta.

Shekaranjiya na je Bukkuyum. Na zauna sahun baya, na ji da kunnena. Daga nan na shiga gida, munka gaisa da uwarku, munka sha ruwa tare. Musbahu ya raka ni har tasha, hannuwansa na lilo kamar na kowa.

Na tafi masa da nono a ƙwarya, na saniyar da yake so. Na ce wa Kulsum ta ajiye, kada a ba shi tukuna. Ki tambayar mini likitar nan ko nono yana jituwa da allurar, ki kira ni a waya yau, kada ya yi tsami.

Wassalam.
Kawunki, Gidaɗo.